Duhun da na yi shekaru ina kora daga hotunana

Na koyi ɗaukar hoto baƙi da fari a zamanin da ake sayen fim mai cin hoto 36, kuma kowace latsawa kuɗi ce, saboda haka na taso da tsoro guda ɗaya, wato kada hoto ya fito da duhu. A wajena a lokacin, gwanin mai hoto shi ne wanda ya fito da komai sarari, tun daga kwalliyar hula har zuwa tsagewar bango. Wannan tsoron ya ɓata mini shekaru, shi ya sa nake so in gaya muku, ƙannena da kuka ɗauki kyamara yanzu, inda na yi tuntuɓe.

Dare ɗaya na tsaya gaban wani mai tsire a bakin titi. Fitila ɗaya ce rataye a gefensa, hayaƙi yana tashi daga tukuba yana ratsa hasken, rabin fuskarsa a bayyane rabi a ɓoye, masu jira kuma sai dai ka ga alamar kafaɗunsu. Wannan yanayin ne ya tsayar da ni, amma da na ɗaga kyamara sai na kunna filasha don kada in yi asarar fim. Da na wanke hoton, sai ga mutum tsaye da wuƙa, bayansa buhunan gawayi da bokitin roba da tallar da aka manna a bango, hayaƙin kuwa ya zama wani farin tabo. Babu abin da ya rage da mai kallo zai tambaya. Hasken filasha da ke fitowa daga saitin idon kyamara yana cike kowace inuwa, alhali inuwa ce ke nuna zurfin fuska da nisan abu daga abu, kuma ita ce wurin da mai kallo ke ajiye tunaninsa.

Ko da na daina filasha, kyamarar ta ci gaba da yi mini irin wannan ɓarnar, domin ban fahimci yadda ma'aunin haskenta yake aiki ba. An gina shi ne a kan ya mayar da duk abin da ya gani zuwa ruwan toka matsakaici, wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Idan ka nuna masa zaure mai duhu, zai ɗauka haske ne ya yi ƙaranci, sai ya ƙara, zauren ya fito fari-fari kamar an watsa masa toka, bakin ƙofar da rana ke shigowa kuma ya ƙone. Maganin shi ne ka rage hasken da hannunka, mataki ɗaya ko biyu, kuma ka sani cewa kowane mataki rabin haske ne. A wajajen 1940 masu ɗaukar hoto Ansel Adams da Fred Archer sun tsara wata hanya a Amurka da ta raba launin hoto gida 11, daga baƙi ƙirin a 0 zuwa fari fat a 10, ruwan toka matsakaici a 5. Abin da ya fi amfanar da ni a ciki shi ne gida na 3, duhun da har yanzu ido ke iya ganin saƙar tabarma ko zanen azara a cikinsa. Ka auna wurin da kake so ya yi duhu amma kada ya mutu, sannan ka rage mataki biyu.

Bayan na gane haka sai na zarce gona da iri. Na shiga duhunta komai, ina ganin cewa duk hoton da ba a gane shi da sauri ba ya yi zurfi. Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar ya duba tarin hotunana, ya ce mini, "Yaro, ina kake so in sa idona?" Ban sami amsa ba. Hoton da ke riƙe mutum yana bukatar abu ɗaya bayyananne da ido zai kama, ko hannu riƙe da carbi, ko gefen mayafi, ko ƙafar da ke tsallake dokin ƙofa, sa'an nan duhu ya kewaye shi ya hana sauran labarin. Wannan ya fi muhimmanci a wajenmu, domin baƙar fata tana saurin nutsewa idan an rage haske. Sai ka tsayar da mutum inda haske zai zo masa daga gefe, ta taga ko ta ƙofa, ya zana goshi da karan hanci da kunci. Idan inuwar ta yi nauyi, farin zane da wani zai riƙe a ɗaya gefen ya isa ya mayar da ɗan haske.

Akwai kuma lokacin da na riƙa cire launi daga kowane hoto a kwamfuta ina jiran ya zama abin mamaki. Ja da kore masu ƙarfi ɗaya sukan koma toka iri ɗaya, sai riga ta haɗe da ganye. Tun kafin ka latsa ya kamata ka riƙa ganin wurin a matsayin haske da inuwa.

Babbar asarata ita ce hunturu. Shekara da shekaru ina ajiye kyamara daga Disamba zuwa Fabrairu, ina cewa hazo yana ɓata hoto, alhali hazo yana yin aikin da ake wahala a yi a ɗakin wankin hoto: abin da ke kusa ya fito baƙi, na tsakiya ya yi toka, na nesa ya narke har ba ka iya rantsewa ko mutum ne ko kututture. Mai keke da ke fitowa daga hazo da sassafe, ko hasumiyar masallaci da rabinta ya ɓace, sun fi duk abin da na ɗauka da rana tsaka. Sai dai a kiyaye kyamara, kada a canja mata ido, wato gilashin gabanta, a fili, domin ƙurar tana shiga ciki.

Game da gyara bayan ɗauka, na daɗe ina ganin ha'inci ne, har na san cewa a shahararren hoton da Fan Ho ya ɗauka a Hong Kong a 1954, na wata mace jingine da dogon bango, inuwar da ta raba bangon a karkace a ɗakin wanki ya ƙara ta. Ƙara duhu a gefe don ido ya tafi inda kake so yana cikin sana'ar, matuƙar ba hoton labarai kake yi ba, inda amana ta hana.

Abu na ƙarshe ya fi sauran yi mini nauyi. Don neman hoton da ba a shirya ba, na taɓa ɗaukar wata dattijuwa a bakin zaurenta ba tare da na yi sallama na nemi izini ba, kuma da ta lura, ɓacin ran da na gani a fuskarta ya sa ban taɓa nuna wa kowa hoton ba. Yanzu nakan gaisa, in faɗi abin da nake so, in zauna har mutum ya manta da ni ya koma ga aikinsa, sa'an nan in jira hasken la'asar ya sauko ta ƙofa ya kai inda nake so kafin in latsa.