Sanyin da Ke Tsare Zafi

Shekara 20 ke nan ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Jidda, amma sanyin da 'yar yayana ta ba ni labarinsa daren jiya ya tsaya mini a rai. Kimiyya take karantawa a jami'a. Muna shan shayi bayan Isha ta ce, "Baffa, a kudancin Faransa ana gina injin ITER, za a haɗe ƙwayoyin zarra na iskar haidirojin su ba da makamashi yadda rana ke yi."

Zafin cikinsa zai kai digiri miliyan 150. Ba ƙarfen da zai jure, don haka maganaɗisu ke riƙe iskar mai ƙuna, wato filasma, kada ta taɓa bango. Su kuwa maganaɗisun sai an sanyaya su da ruwan hiliyom, wata iska da aka mayar ruwa, har digiri 269 ƙasa da sifili, nan ne lantarki ke bin waya ba tirjiya. Wannan ya fi kama ni, don sana'ata ce.

Na ce, "To 'yata, wa ke auna zafin?" Ta ce hasken lesa, wani siririn haske mai ƙarfi, ake harbawa ciki, a karanta yadda ya watse. Da haka masana daga Ingila suka je Mosko a 1969 suka tabbatar da zafin injin T-3, wani ƙaramin inji irin wannan na Tarayyar Sobiyet.

Shayina ya huce ban kurɓa ba.