Abun da kwandalar Washington ta koya min a kwas ɗin tsara doka

A kwas ɗin tsara dokoki na wannan zangon aikin da ya faɗo kaina shi ne in bi diddigin dokokin da suka sa aka buga hoton George Washington, shugaban Amurka na farko, a kwandalar ƙasar, kuma gaskiya abun da na fi ƙaruwa da shi shi ne, in ka ga sabuwar doka to ka nemi tsohuwar da ta tilasta aka yi ta, in ba haka ba karatun banza kake.

Tun 1792 da suke tsara dokar kuɗinsu ta farko majalisar dattawa ta so a sa kan shugaban ƙasa a jikin kuɗi, 'yan majalisar wakilai suka ce a'a wannan ai salon sarakunan Ingila ne, aka sa hoton mace mai alamta 'yanci. Shi kansa Washington ana cewa bai so ba.

Sai da za a yi bikin cika shekara 200 da haihuwarsa a 1932 hotonsa ya hau kwandalar da ake kashewa yau da kullum. Kwamitin bikin sun nemi a buga shi a kwandalar rabin dala ne, ta shekara ɗaya kawai, majalisa ta juya abun ta ce kwata za a yi, wato santi 25. To me ya kawo majalisa ciki? Akwai dokar 1890 da ta hana canza zanen kwandala sai ya shekara 25, ita kuwa kwatar da ake kashewa a 1916 aka fara buga ta, dole sai da sabuwar doka, aka yi ta a Maris 1931. Kwatar nan ba ta tsaya a shekara ɗaya ba, ta zarce da kan Washington a jikinta.

Inda ya ban haushi shi ne zaɓen zane. Hukumar da ke ba da shawara ta zaɓi na Laura Gardin Fraser, sakataren baitulmali Andrew Mellon ya ce shi na John Flanagan yake so, kuma nashi ya tsaya don doka shi ta ba wuƙa da nama, hukumar shawara kawai ce tata. Zanen matar sai 1999 aka fito da shi a kwandalar zinare ta dala 5. Yanzu duk ƙudirin da aka miƙo min layin da nake fara nema shi ne wa ke da maganar ƙarshe, sannan ina kuɗin zai shiga.

Maganar kuɗin nan ita ta kashe kwandalolin tunawa, wato na musamman da ake bugawa don tuna wani mutum ko wani abu da ya faru, a shekarun 1930 kowace ƙungiya sai ta samu ɗan majalisa ya kai mata ƙudiri, a buga mata ta sayar da tsada ta cinye riba, abun ya zama kasuwa, daga 1954 aka daina gaba ɗaya. Washington ɗin dai shi ya dawo da su, Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar a Disamba 1981 aka buga rabin dala ta azurfa a 1982 don cika shekara 250 da haihuwarsa, amma wannan karon an rubuta ƙarara ribar ta tafi rage bashin ƙasa. Duk da haka suka sake cika kasuwa, sai a 1996 majalisa ta taƙaita kanta, shirin kwandalar tunawa 2 kacal a shekara, kuma ƙungiya ba ta ganin ko sisi sai ma'aikatar buga kuɗi ta fara mayar da abun da ta kashe.