Daga Milan zuwa Messina a jirgin ƙasa

Da safe jirgin ƙasa mai tsananin gudu, Frecciarossa, ya ɗauke mu daga Milan a arewacin Italiya, kafin azahar mun wuce Roma. A filin kogin Po, can Arewa inda muka taso, duk inda ka duba ta taga masana'anta ce, ko rumbun kaya, ko babbar mota tana jiran lodi. Haka muka yi ta sheƙa gudu har Salerno. A nan layin gudu ya ƙare, jirgi ya koma tafiyar hawainiya a gefen teku, muka gangara Calabria, yankin da ke ƙarshen kudancin ƙasar.

Dattijon da ke gefena ɗan Calabria ne, amma ƙuruciyarsa duk a Turin ya ƙarar da ita, a kamfanin motoci na Fiat. Irinsa miliyoyi ne. A shekarun 1950 da 1960 'yan Kudu suka yi ta kwarara zuwa Milan da Turin da Genoa, domin can jari yake.

Ba wai gwamnati ta naɗe hannu ba ne. A 1950 ta kafa asusun raya Kudu, Cassa per il Mezzogiorno, wanda ya kai har 1984. Ya shimfiɗa hanyoyi, ya kai ruwa garuruwa, kuma wannan kam an ci moriyarsa. Inda aka yi tuntuɓe, a ganina, shi ne manyan masana'antu. Da muka iso Gioia Tauro sai ga ƙugiyoyin ɗaga kwantena tsaye a bakin teku. A shekarun 1970 aka sare gonakin lemo a wurin don a gina katafariyar masana'antar ƙarfe. Kasuwar ƙarfe ta faɗi, ba a gina ta ba, tashar jiragen ruwan da aka haƙa dominta ta zauna kusan fanko sai tsakiyar shekarun 1990. Yau tana cikin manyan tashoshin kwantena na Bahar Rum, sai dai yawancin kayan daga wannan jirgi ake sauke su a ɗora wa wancan, ba sa ko shiga gari.

A Villa San Giovanni na canja jirgi, aka rarraba taragonsa, aka tura su cikin jirgin ruwa don tsallaka mashigar teku zuwa Messina, a tsibirin Sicily. Gadar da za ta haɗa Sicily da sauran ƙasar an shafe shekaru da dama ana maganarta. A tashar Messina na tarar da samari da 'yan mata da manyan akwatuna suna jiran jirgin Arewa. Waɗanda na zanta da su duk sun gama jami'a, aiki za su nema a Milan da Bologna.