"A'a" ɗaya da na rubuta a fom ta hana ni aiki

Har yanzu in na tuna layin nan na fom ɗin neman aiki sai raina ya ɓaci. Tambaya ce gajera, shin an taɓa kama ka ko kai ka kotu. Na riƙe biro na fi minti 5 sannan na rubuta a'a.

Abin da na ɓoye kuwa bai taka kara ya karya ba. Shekara 7 da sunka wuce ina kabu-kabu, munka yi rigima da wani kan fasinja wajen Kasuwar Daji, anka kwashe mu, na kwana ɗaya a caji ofis, kotun majistare ta ci mu tara munka biya. Shi ke nan. Wani abokina ne ya ce kai wa zai tono wannan, ni ko na biye mishi.

Jarabawa na ci, intabiyu ma lafiya lau. Sai tantancewa. Ni duk tsorona na kan zanen yatsu, don na san ƴan sanda na da rajistar masu laifi a Alagbon can Legas, ashe ba ta nan ƙurar za ta taso ba. Masu tantancewa mutum biyu sunka zo unguwarmu Mabera da ƙafarsu, sunka zauna zauren mai unguwa, kuma Baba mai unguwa shi ne ya yi belina wancan lokacin! Ya yabe ni sosai wallahi, ya ce yaron kirki ne, tun rigimar nan ta kasuwa bai sake ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Da anka kira ni, jami'in ya juyo fom ɗin ya ɗora yatsa kan a'a ɗina. Na ce ranka shi daɗe ƙaramin abu ne kuma ya daɗe. Ya ce malam ai da ka rubuta haka. Ya ce suna duba girman laifi, da daɗewarshi, da ko an maimaita, nawa duka ukun da sauƙi, amma ƙaryar ta watan jiya ce da sa hannuna ƙarƙashinta. Kuma mai ɓoye abu, duk wanda ya san sirrinshi na iya matsa mishi ya buɗe ƙofar da anka ba shi tsaro. Ban da ta cewa. Daga baya na ji a Amurka ma ƙarya a fom ɗin tantancewarsu na SF-86 na iya kai mutum ɗaurin shekara 5, ni aiki kawai na rasa.

Abin da ke ci na, tambayar ta haɗa da kamu, ba sai an yanke ma hukunci ba, ku karanta da kyau don Allah. In eh ce ku rubuta eh, ku yi bayani layi biyu.

Makon jiya na koma kotun na biya anka ba ni kwafin hukuncin, yana cikin fayil ɗina tare da takardar NIN. Baba mai unguwa har yau bai san maganarshi ce ba, kuma ba ni faɗa mishi.