Takardar Yaya ta ce kitsensa lafiya lau

Wata uku kafin Yaya ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, ya nuna mini takardar gwajin jininsa yana dariya. Kolestarol, wato kitsen jini, daidai. "To, sai ku ci gaba da hana ni tsire," in ji shi. Ranar da muka kwashe shi zuwa asibiti, takardar tana nan a ninke cikin aljihun rigarsa. Allah dai ya yi da sauran shan ruwa a gaba.

Da ya farfaɗo, likitar ta sa aka sake ɗibar jini, ta rubuto gwaje-gwajen da ban taɓa jin sunansu ba. Na farko HbA1c, mai nuna yadda suga ya zauna a jini cikin wata uku da suka wuce. Daga 6.5 ake cewa ciwon suga ne. Na Yaya ya haura 7, kuma bai taɓa sani ba, ga shi kullum da lemon kwalba a gefen teburinsa.

Wanda ya hana ni barci shi ne Lp(a). Wani likita ɗan Norway, Kåre Berg, ya gano shi a 1963. Wani nau'in ƙwayar kitse ne a jini mai ƙara haɗarin ciwon zuciya, wanda gwajin kolestarol na yau da kullum ba ya nunawa. Gadonsa ake yi, rage mai ko yawan tattaki ba sa sauke shi sosai. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya nasa ya yi sama, kuma mu baƙar fata namu ya fi na Turawa yawa. Likitar ta dube ni ta ce, "Malam, ku ƙannensa ku ma ku yi, sau ɗaya ya wadatar." Sai na tuna Baba, wanda aka ce kawai ya kwanta bai tashi ba.

CRP kuwa alamar kumburi ce a jiki, sama da 3 ake ɗaga gira. Amma ta ce kada a auna shi mutum na fama da zazzaɓin cizon sauro, don lambar za ta yi tashin gwauron zabi ba tare da laifin zuciya ba.

Inda na yi wauta shi ne homosistin, wani sinadari da ake aunawa a jini. Na karanta cewa tun 1969 Kilmer McCully a Amurka ya danganta yawansa da lalacewar jijiyoyin jini, kuma bitamin B na sauke shi. Da rawar jiki na je kemis na sayo kwalba biyu. Likitar ta yi murmushi. Ashe a 2006 manyan bincike biyu, NORVIT da HOPE-2, sun nuna ƙwayoyin suna sauke lambar, amma yawan masu samun bugun zuciya bai ragu ba. Ta ce Yaya ya ci wakensa da zogale da alayyahu, ya kuma riƙe magungunansa. Kwalaben suna nan kan firij.

Rigimar da ta rage ta gishiri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi, har da na cikin dunƙule da yaji da kilishi. Matar Yaya ta mayar da dunƙule huɗu zuwa ɗaya a tukunyar miyar kuka, ta ƙara daddawa da citta. Daren jiya na same shi yana juya cokali a kwano, ya ce miyar lami ce. Ya dai cinye, har ya side kwanon.