Wa zai biya, yaushe, kyauta ce ko bashi: abin da bin tarukan sauyin yanayi ya koya mini

Duk ƙarshen shekara, idan ƙasashen duniya suka hallara a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira COP, aikina a gidan rediyo shi ne in bi abin da aka cimma, in mayar da shi zancen da manomi da makiyayi za su gane. Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne, adadin kuɗin da ake ambata a daren rufe taro ba shi ne labarin ba. Kafin in kai shi gaban makirufo sai na san wa zai biya, yaushe, kuma kyauta ce ko bashi.

A taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin tara dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, don taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Shekarar 2020 ta zo ta wuce ba a cika ba. OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki wadda ke riƙe da lissafin, ta ce sai a 2022 aka kai adadin. Da ka buɗe lissafin kuma sai ka tarar mafi yawan kuɗin da gwamnatoci suka bayar bashi ne. Wato ƙasar da ambaliya ta cinye wa gonaki ita za ta ranta ta gyara, sannan ta biya da kuɗin ruwa, alhali Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ba na ɓoye hakan a cikin shiri.

Haka aka yi da asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa. An amince da kafa shi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022, shekarar da ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a Pakistan, ta kuma kashe sama da mutum 600 a Najeriya. Da aka je Dubai a 2023, alƙawuran farko da aka zuba a ciki kimanin dala miliyan 700 ne. Bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya malale Maiduguri, wani dattijo ya bugo waya cikin shiri, muryarsa a sanyaye, ya ce: "Ɗana, wannan asusu da kuke ta faɗa, ta wace ƙofa ake shigarsa?" Na ce masa, Baba, gwamnatoci ne ke nema, ba mutum ɗaya ba. Watanni biyu bayan haka, a taron COP na Baku ta Azerbaijan, ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara, aka tsaya a biliyan 300, shi ma sai nan da 2035.

Duk da haka ban yarda da masu cewa tarukan nan ɓata lokaci ne ba. Gaskiya ne yarjejeniyar Paris ta 2015 ba ta da ɗan sanda. Kowace ƙasa ita ke yanka wa kanta yawan hayaƙin da za ta rage, ta sabunta duk shekara biyar. Amurka ta fice a 2020, ta dawo a 2021, Trump ya sake sa hannu kan ficewa a Janairun 2025, babu wanda ya iya hana shi. Gaskiya ne kuma 2024 ta zama shekara ta farko da zafin duniya ya haura digiri 1.5 a kan na kafin zamanin masana'antu, iyakar da aka so a tsaya. Amma lokacin da aka sa hannu a Paris, masu hasashe na ganin duniya ta doshi sama da digiri 3 da rabi a ƙarshen ƙarnin nan. Yanzu hasashen ya sauko ƙasa da digiri 3. Bai isa ba, amma a wurin mai noman gero a bakin sahara wannan tazara babba ce.

Inda na fi ganin canji da idona shi ne farashin sola. Tallafin da Jamus ta zuba da masana'antun Sin sun karya kuɗin faifan hasken rana da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, ka shiga fadama lokacin noman rani ka gani: faifai biyu ko uku a jingine kan ƙarfe, fuskarsu na kallon rana, ruwa na bulbulowa cikin kwamin albasa ba ƙarar inji, tsohon injin fetur yana gefe an lulluɓe shi da buhu. Mai gonar ba don Paris ya saya ba, lissafin aljihunsa ya yi.

Tambayoyin da nake yi wa ƙasashe masu arziki su nake yi wa gida. A taron COP na Glasgow a 2021 Shugaba Buhari ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba, a shekarar kuma ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Har yau ana ƙona iskar gas a rijiyoyin mai na Neja Delta dare da rana. Shi ya sa duk jami'in da ya dawo daga COP ya zo shirinmu, kafin ya ba mu labarin taro nakan roƙe shi ya faɗa wa masu sauraro nawa aka ware a kasafin bana, nawa kuma aka saki.