Awon Motsin Ƙasa da Tauraron Ɗan'adam: Darussan Aiki Daga Jos

Wayar da ke aljihunka za ta iya nuna maka inda kake tsaye, a Farin Gada ne ko a Bukuru, da kuskuren mita uku zuwa biyar, kuma wannan ya ishi mai neman hanya. Mai binciken kimiyyar ƙasa kuwa milimita yake nema. So yake ya san ko dutsen da ya kafa na'ura a kansa ya gusa cikin shekara, ina ya nufa, kuma da nawa. Taurarin ɗan'adam da waya take saurare su ne shi ma yake saurare. Abin da aikin nan ya koya mana shi ne, yawancin abin da ke ɓata awo ba daga sama yake zuwa ba. A ƙasa yake: a gindin eriya, a tef ɗin awo, da cikin littafin da aka manta ba a rubuta ba.

Taurarin GPS na Amurka suna shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana, ɗauke da agogon da ba ya saɓa lokaci. Risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon tauraro ta eriya, tana auna tsawon lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa. Saƙon yana cin santimita 30 cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, saboda haka ɗan kuskuren agogo babban kuskure ne a ƙasa, shi ya sa ake bukatar tauraro huɗu aƙalla: uku don wuri, na huɗu don gyara agogon risibar. Risibar bincike ba ta tsayawa nan. Tana ƙirga igiyar saƙon kanta, mai tsawon santimita 19 a zangon rediyon GPS da ake kira L1 da 24 a zangon L2, tana auna ɗan gutsuren da ya rage har zuwa milimita. Yau kuma ga GLONASS na Rasha, ga Galileo na Turai, ga BeiDou na Sin, duk risiba ɗaya tana kama su.

Tun ran gini tun ran zane. Tashar awo, wato eriya da risibarta, da aka kafa a kan abin da ke motsi, motsin abin za ta riƙa ba ka, ba na ƙasa ba. A nan Jos Allah ya hore mana dutse, amma ba kowane dutse ne ya dace ba. Duk wanda ya bi hanyar Riyom ya ga manyan duwatsu zaune a kan juna kamar an ɗora su da hannu. Irin waɗannan ba su haɗe da uwar dutsen da ke ƙarƙashi ba, zafi da sanyi suna juya su a hankali. Falalen dutse ake nema, mai faɗi, wanda ba shi da tsaga a kewayensa, wanda in ka buga masa guduma zai ba ka ƙara mai tauri, ba amon ganga ba. In ya yi amon ganga, ɓawo ne da ya rabu da jiki, sai a matsa gaba. In an samu, sai a huda rami kamar santimita 30 zuwa 40, a hure ƙurar ciki tas, a wanke, a bari ya bushe, sannan a zuba gam mai ƙarfi a dasa sandar ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙurar da aka bari a ramin ita ce ke hana gam kama dutse, sai bayan damina biyu sandar ta fara lilo ba wanda ya lura. Sandar kuma kada ta yi tsawo ba dalili. Ƙarfe yana miƙewa da zafi: sandar mita biyu, in zafi ya ƙaru da digiri 20 tsakanin asubahin hunturu da azahar, za ta ƙara kusan rabin milimita.

Inda babu dutse a fili, kamar wurare da yawa a Abuja, ginshiƙin kankare da rodi ake yi, a haƙa tushensa mita biyu zuwa uku ko fiye har a taras da ƙasa mai tauri, kuma a yi watsi da awon watannin farko domin ginshiƙin yana zama. Rufin bene kuwa ya fi sauƙi, ga tsaro ga wuta, shi ya sa ake yawan sa eriya a can. Don aikin safiyo na yanka filaye ya wadatar. Don nazarin motsin ɓawon duniya, ra'ayinmu shi ne a guje shi in da hali. Gini yana kumbura da rana, yana nitsewa a hankali, in kuma a kan laka yake, yana ɗagawa da damina yana sauka da rani.

Sai amsa-kuwwa. Saƙon tauraro yana dukan kwanon rufi, ko tankin ruwa, ko gilashin mota, ko fuskar ruwa irin na tafkunan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Barkin Ladi, ya dawo ya shiga eriya ta bayan gida, a makare. Risiba ba ta iya rabe shi da na gaskiya sosai. Yadda ake gane shi abin sha'awa ne: jerin taurarin GPS yana maimaita kansa a sama kowace rana da saurin kusan minti huɗu, don haka in ka ga wata 'yar karkata a awo tana dawowa kullum, yau ƙarfe goma, gobe goma saura minti huɗu, to ba ƙasa ce ke motsi ba, wani abu ne a kusa yake mayar da saƙo. Maganinsa eriya mai zobba a gindi, da fili wanda babu abin da ya tare sama daga digiri 10 zuwa sama. A duba bishiyoyi ma. Itacen turaren da yake daidai ƙugu ranar da aka kafa tasha, cikin 'yan shekaru ya rufe kusurwa guda ta sama.

Kuskuren da ya fi ba da takaici shi ne na tsawon eriya, domin ba ya bukatar ilimi mai zurfi, kula kawai yake so. In eriya tana kan ƙafa uku, ba a iya sa tef a miƙe daga alamar ƙasa zuwa gindinta, sai dai a karkace zuwa bakinta. A ce tef ya nuna mita 1.500, daga tsakiyar eriya zuwa bakinta kuma santimita 19 ne. Tsawon gaskiya a miƙe mita 1.488 ne. Wanda ya shigar da 1.500 a kwamfuta ya ƙirƙiri motsin milimita 12 da hannunsa, wanda ya fi abin da ake nema a shekaru. Ƙa'idar ita ce a auna ta gefe uku, kafin kunna risiba da bayan kashe ta, a rubuta ko a karkace aka auna ko a miƙe, a ɗauki hoton tef ɗin yana kan alama. A juya alamar eriya ta fuskanci arewa. A kwafi sunan samfurinta harafi da harafi daga jikinta, domin wurin da saƙo yake sauka a cikin eriya ba gindinta ba ne, kowane samfuri da nasa gyaran, kuma sunan da ba daidai ba yana iya cin santimita a tsawo.

Sama ma tana da nata. Daga kamar kilomita 60 zuwa 1,000 akwai sashen iska mai cajin lantarki da ake kira ayonosfiya, yana jinkirta saƙo da mitoci. Da yake jinkirin ya bambanta tsakanin L1 da L2, haɗa zangon biyu yana kawar da kusan dukkansa, shi ya sa risiba mai zango ɗaya ba ta aikin bincike. Amma Najeriya tana yankin da layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa, inda wannan sashe yake birkicewa bayan faɗuwar rana. Daga magariba zuwa tsakar dare saƙo yakan riƙa ƙyaftawa, risiba ta ɓatar da ƙirgen igiya ta sake farawa. Ya fi tsanani a watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, da kuma shekarun da rana take kan ganiyarta a zagayenta na shekara 11, kamar 2024. Mai gajeren awo ya yi shi da safe. Mai neman milimita ya bar risiba ta yi awa 24 cur, tana ɗauka kowace daƙiƙa 30.

Iskar ƙasa-ƙasa kuma tana ƙara wa saƙo kamar mita 2.3 a bakin teku, kusan mita 2 a Jos saboda muna sama da mita 1,200. Wannan ana lissafa shi daga nauyin iska. Mai wuya shi ne na tururin ruwa, wanda da damina yake kaiwa santimita 30 ko fiye, da hunturu ya ragu ƙwarai. Masu haɗa tashar Jos da ta Abuja su sani cewa akwai tazarar tsawo ta sama da mita 700 tsakaninsu, iskar ba ɗaya ba ce, dole a bar manhaja ta ƙiyasta jinkirin kowace tasha daban, duk awa ɗaya ko biyu. Abin da ya dame mu ɗin nan kuma riba ne ga masu nazarin yanayi, domin daga shi ake fitar da yawan tururin ruwan da ke sama. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su yarda da shi sai sun gani a awo: jan wata da rana yana ɗaga sandararriyar ƙasa ya sauke ta da kusan santimita 30, sau biyu a rana. Manhajojin bincike irin su GAMIT da Bernese da GipsyX suna cire wannan. A kuma jira kamar mako biyu a sauko da tabbatattun hanyoyin taurari na IGS, hukumar ƙasa da ƙasa mai bin sawun taurarin nuna wuri, masu kuskuren santimita biyu zuwa uku, maimakon waɗanda tauraron ke watsawa da kansa masu kuskuren kusan mita.

Lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi a kan wane ma'auni take. Tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa a kan ma'aunin WGS84 take bayar da lambobinta, tazarar da ke tsakaninsu a wannan yanki ta kai kusan mita 80. Ɗalibin da ya ɗora wurin da ya ɗebi samfurin dutse a kan tsohuwar taswira ba tare da juya ma'auni ba, yana iya jefa shi a ƙetaren rafi. Tsawon da risiba ke bayarwa shi ma ba daga fuskar teku yake ba, daga wata siffar lissafi ce mai kama da ƙwai, bambancin a Najeriya kimanin mita 20 ne, ana gyara shi da taswira irin EGM2008. Ga aikin milimita kuwa ma'aunin duniya na ITRF2020 ake bi, wanda aka gina daga hanyoyi huɗu: taurarin nuna wuri, harba hasken leza zuwa tauraro, sauraron abubuwa masu nisa a sararin samaniya da manyan faifan rediyo, da tsarin DORIS na Faransa. A wannan ma'auni Najeriya gaba ɗaya tana tafiya arewa maso gabas da santimita 2 zuwa 3 a shekara, tare da sauran farantin Nubiya, wato ɓangaren ɓawon duniya da yawancin Afirka ke kansa. Wurin da aka auna a 2010, yau ya matsa da fiye da santimita 30. Don haka ranar awo ɓangare ce ta lambar.

Sai an cire wannan tafiyar ta bai ɗaya sannan a ga abin da ya rage, kuma a tsakiyar faranti irin namu ɗan kaɗan ne, milimita ɗaya ko biyu, wani lokaci bai ma fi kuskuren awon ba. A nan gaggawa take kayar da mutane. Nauyin ruwan damina yana danna ƙasa, da rani ta sake ɗagowa, wanda ya auna daga Afrilu zuwa Satumba kawai zai rantse ƙasa tana nitsewa. Ba a fitar da saurin tasha sai awo ya kai shekara biyu da rabi aƙalla, na tsawo kuma ya fi haka, domin kuskurensa ya ninka na kwance sau biyu zuwa uku.

Lokacin da ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a Satumbar 2018, mutane sun yi ta tambaya me GPS ta gani. Gaskiyar magana, ƙananan girgiza irin waɗannan ba kasafai suke barin gusawar da tashar da ke nesa da kilomitoci za ta kama ba. Aikin na'urar auna girgiza ne, irin waɗanda cibiyar hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da ke Toro, nan kusa da Jos, take kula da su. Abin da tashoshin tauraro, kamar na tsarin NIGNET da ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008, za su iya nunawa shi ne taruwar matsi a hankali cikin shekaru, shi ma sai tashoshin sun yi kusa da juna. Hotunan rada na tauraron Sentinel-1 suna cike giɓin a cikin gari da kan dutse, inda ganye bai rufe ba, musamman wajen bin sawun nitsewar ƙasa inda rijiyoyin burtsatse suka yi yawa.

Abin da ke kashe tasha a ƙasar nan wuta ce da tsawa. Risiba da na'urar tura bayanai ba su wuce wat 10 ba, amma dare da rana suke ci, a yi lissafin batir da zai ɗauki kwana uku zuwa biyar na hadarin Agusta. Hazon hunturu yana rufe faifan sola, sai an sa mai shafe shi duk mako. Tsawar Jos kuwa ta wayar eriya take shiga, dole a sa mata makari a haɗa shi da sandar tagulla da aka binne a ƙasa mai danshi. In risiba ko eriya ta ƙone aka sauya, awo yakan yi tsalle na milimita ko santimita a ranar. In littafin tasha ya nuna rana da sa'a, da lambar tsohuwa da ta sabuwa, manhaja za ta ƙiyasta tsallen ta cire shi. A rubuta sa'ar da agogon UTC, wanda yake bayan namu da awa ɗaya, a ajiye fayilolin RINEX, masu ɗauke da ɗanyen awon risiba, a wuri biyu daban, ɗaya ba a cikin ginin tashar ba.